Gandun da Ba Shi da Gayauna: Ra'ayina Kan Kwaminisanci

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wata magana da aka daɗe ba a ji ba ta dawo bakin matasanmu. A teburin mai shayi, a motar da ke kai mu Gumel, a rumfunan kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai yaro ya ɗago kai daga waya ya ce mafita ɗaya ce ta rage wa ƙasar nan: a ƙwace dukiyar manya a raba, ko gwamnati ta karɓe komai ta riƙa ba kowa daidai bukatarsa, kamar yadda aka yi a Rasha da Sin. Wasu sun san sunan abin kwaminisanci, wasu ba su sani ba amma shi suke nufi. Dattawa kuwa amsarsu guda ce: kafirci ne, a rufe zancen. Ni ko ɗaya bai gamsar da ni ba. Yaron da ya ga buhun taki ya gagari ubansa ba zai yi shiru don an daka masa tsawa ba. Abin da nake gani shi ne, masu wannan aƙida sun faɗi gaskiya game da yadda ake cin gumin talaka, amma kusan duk inda mulki ya shiga hannunsu, manomi ne ya fi kowa jin jiki. Tunda mu manoma ne, ya kamata mu san dalili.

Karl Marx Bajamushe ne, an haife shi a 1818, ya rasu a Landan a 1883. Shi da abokinsa Engels, ɗan wani mai masaƙa, sun ga abin da masana'antun Ingila ke yi wa mutane: mata da ƙananan yara a gaban inji tun duku-duku har dare, lada bai kai ya kawo ba, mai masaƙa kuwa sai ƙara gini yake. A 1848 suka fitar da ɗan littafin da ya zama sanarwar kwaminisanci. Hujjar Marx ba ta da wuyar ganewa. Ma'aikaci ya yi aikin da darajarsa ta kai goma, a sallame shi da uku, bakwai su shige aljihun mai inji, ba don ya fi shan wahala ba, sai don injin nasa ne. Ma'aikacin ba zai iya cewa a'a ba, domin ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa, kuma ga wasu a bakin ƙofa suna jiran ya yi fushi.

Wa zai ce wannan ƙarya ne? Da kaka manomi kan ɗebo gero ya kai kasuwa lokacin da kowa ya kai, farashi a ƙasa, domin ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya. Mai kuɗi ya saya ya kulle a sito. Da marka, rumbu ya yi ƙasa, manomin nan ya koma ya sayi geron da ya noma da hannunsa a farashin da ya ninka. In ba shi da kuɗi ya ci bashin buhu ɗaya a kan zai biya biyu. In shekara ta ƙi, ya jinginar da gona. Bayan 'yan shekaru sai ka gan shi yana ƙwadago a gonar da ya gada. Ba sai mun karanta littafin Bajamushe muka san wannan ba, amma shi ya zauna ya tsara bayanin yadda abin ke juyawa, kuma ya cancanci a ba shi wannan.

Alkawarin da ya biyo baya ma mai daɗin ji ne. Za a mai da masana'antu da filaye mallakar jama'a, a daina samun mai gida da bara, kowa ya yi aiki gwargwadon ƙarfinsa ya karɓa gwargwadon bukatarsa, har a kai lokacin da ita kanta gwamnati za ta zama ba ta da amfani ta shuɗe. Sai dai Marx ma'aikatan birni yake kallo. Ya ɗauka juyin zai fara ne a ƙasashe masu masana'antu irin su Ingila da Jamus. Manomi bai cika masa ido ba, har ya taɓa kwatanta manoman Faransa da dankali a cikin buhu, wai suna tare amma ba abin da ya haɗa su. Sai ga shi juyin ya auku a Rasha a 1917 da Sin a 1949, ƙasashen da mafi yawan mutanensu 'yan ƙauye ne. Tsarin da aka yanka wa ma'aikacin masaƙa sai aka sa wa mai fartanya.

Mu a nan mun san aikin haɗaka tun kaka da kakanni, shi ya sa nake jin muna da ma'aunin da za mu auna abin. A gandu, mai gida da 'ya'yansa da ƙannensa kan yi noma tare daga safe zuwa azahar. Amfanin ya shiga rumbun gida, mai gida ya ciyar da kowa, ya biya haraji, ya yi wa samari aure. Amma kakanninmu ba su tsaya nan ba. Kowane saurayi ana yanka masa gayauna, ya nome ta da yamma da ranar Juma'a, abin da ya samu nasa ne, ba mai tambayarsa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yaron da ke jan ƙafa a gandu da hantsi, shi ne da la'asar za ka gani a gayaunarsa yana noma har magariba ba a aike shi ba. Kuma ko gandun ma, abin da ke riƙe shi uba ne, mutumin da ya haife ka, wanda in ya zalunce ka za ka kai ƙararsa wurin kawu ko liman. Da uban ya kwanta dama, gandu da yawa ba sa kai shekara biyu, wa da ƙane kowa ya ja nasa. To kwaminisanci a ƙauye gandu ne na mutum miliyoyi, aka soke gayauna, aka naɗa mai gidan da bai haife ka ba, bai san sunanka ba, kuma ba ka da inda za ka kai ƙararsa.

A Rasha da farko manoma murna suka yi. Lenin, jagoran juyin, ya yi musu alkawarin zaman lafiya da gona da abinci, kuma a 1917 aka ƙwace filayen manyan masu ƙasa. Ba a jima ba sojoji suka fara bi gida-gida suna kwashe hatsi, manoma suka rage shuka, yunwa ta shigo, har a 1921 Lenin ya sassauta ya bar su su sayar da rarar amfaninsu a kasuwa. Noma ya farfaɗo. Sai Stalin ya hau mulki, daga 1929 ya ce kowa ya miƙa gonarsa da dabbobinsa da kayan aikinsa ga gonar haɗaka. Manomin da ke da ɗan hali, ko da shanu biyu ne ko ya taɓa ɗaukar ɗan ƙwadago, ana iya laƙaba masa sunan kulak, wato manomi mai arziki, a ɗauke shi maƙiyin jama'a. Tsakanin 1930 da 1931 kaɗai an kwashe mutum wajen miliyan 1.8 an watsa su Sabiriya da wasu wurare masu nisa. Da mutane suka ga za a karɓe dabbobinsu, sai suka yi ta yankawa suna ci. Kafin 1933 shanun ƙasar sun ragu da kusan rabi.

Gwamnati ta yanka wa kowace gona adadin hatsin da za ta kawo, ko an samu ko ba a samu ba, domin da shi ake ciyar da birane, ana kuma fitar da shi waje a sayo injina. A 1932 da 1933 yunwa ta kashe sama da mutum miliyan 3 a Yukren, ƙasar da ta fi ko'ina albarkar alkama a Tarayyar Sobiyet, wato Rasha da ƙasashen da ke haɗe da ita. A Kazakistan, inda aka tilasta wa Musulmi makiyaya su zauna wuri ɗaya su miƙa garkensu, sama da miliyan 1 suka mutu. Akwai wata doka ta watan Agustan 1932 da nake so kowane matashinmu ya sani. Ta mai da taɓa dukiyar gonar haɗaka laifin kisa ko ɗaurin shekara 10, kuma da ita aka riƙa kama mutanen da suka shiga gona bayan girbi suna tsintar zangarniyar da ta zube. Wato kala. Abin da a garinmu ake bar wa tsofaffi da marayu, ko marowaci ba ya hanawa, shi ya zama laifin shiga kurkuku. A ƙarshen shekarar kuma aka fito da takardar izinin tafiya a cikin ƙasa, aka hana manoma ita, ba a fara ba su ba sai bayan shekara 40 da 'yan kai. Ka ƙaddara shekara ta ɓaci a Gumel, sannan a ce ba mai zuwa cin rani Kano ko Legas sai da sa hannun jami'i.

Abin da ya fi ba ni mamaki, daga baya sai da aka dawo da gayauna ta bayan gida. An bar wa kowane iyali ɗan fili kusa da gida. Waɗannan 'yan filaye ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar noma ba, amma su ke samar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gonar tarayyar. Ƙasar da ta harba mutum sararin samaniya a 1961, ita ce a 1972 ta je Amurka sayen alkama.

Sin ta maimaita wannan hanya, ta ma zarce. Daga 1958 shugabanta Mao ya haɗe ƙauyuka ya mai da su manyan gundumomin haɗaka, aka hana girki a gida, kowa ya ci a tukunyar gari. Aka ce kowane ƙauye ya narka ƙarfe, mutane suka bar gona suna jefa tukwane da kayan noma a wuta, abin da ya fito ba ya moruwa. Aka ce a kashe gwara domin tana cin hatsi. Mu da muke fama da jan-baki a fadamun Haɗeja mun san haushin tsuntsu, amma da gwara ta ƙare sai fara da ƙwari suka samu sarari. Mafi muni, kowane jami'i yana tsoron a ce ya gaza, sai ya ƙara wa alƙaluman girbi gishiri, na sama da shi ya ƙara nasa, gwamnati ta karɓi kasonta bisa hatsin da babu shi. Da wani babban hafsan soja, Peng Dehuai, ya faɗi gaskiya a 1959, sai aka tuɓe shi. Daga nan kowa ya kama bakinsa. Masu bincike sun saɓa kan adadin waɗanda yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe, daga miliyan 15 har sama da miliyan 40, kuma kusan dukkansu 'yan ƙauye ne.

Yadda aka fita daga wannan ramin ya fi komai ƙarfafa mini ra'ayina. A ƙarshen 1978, a wani ƙauye mai suna Xiaogang a lardin Anhui, magidanta 18 suka taru a ɓoye suka raba gonar haɗaka tsakaninsu, kowa ya nome kasonsa, ya ba gwamnati nata, saura nasa. Suka dangwala yatsa a takarda, har da sharaɗin in an ɗaure wani, sauran za su riƙe 'ya'yansa. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, mutane ɗaya, amma girbin shekara mai zuwa ya ninka na baya nesa ba kusa ba. Deng Xiaoping, jagoran Sin na lokacin, bai hukunta su ba, cikin 'yan shekaru tsarin ya game ƙasar. Biyetnam ta bi sahu bayan 1986, kuma a 1989 ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci ta fitar da shinkafa sama da tan miliyan 1. Saboda haka in yaro ya nuna mini hoton gadoji da jiragen ƙasan Sin a waya ya ce, "Kawu, ga aikin kwaminisanci," nakan ce masa, ɗana, jam'iyyar ce ke mulki har gobe, amma arzikin ya fara ne ranar da ta saki hannun manomi da ɗan kasuwa.

A Afirka ma an gwada. Nyerere na Tanzaniya mutum ne mai gaskiya da bai tara dukiya ba, ya shelanta gurguzu irin na Afirka a 1967, amma da mutane suka ƙi komawa ƙauyukan haɗaka da kansu, daga 1973 aka kwashe miliyoyi da ƙarfi, noma ya ja baya. Sojojin Habasha sun raba wa talakawa filaye a 1975, aka yi guɗa, sannan aka tilasta musu sayar wa gwamnati hatsi a farashin da ta ga dama. Kerekou na Benin ya rungumi aƙidar a 1974, ya sake ta a 1989 lokacin da albashi ya gagara.

Ba zan ɓoye alherinsu ba. Rasha ta ɗauko jama'ar da yawancinsu ba sa karatu ta kai su ga kusan kowa ya iya. Sin ta horar da 'yan ƙauye aikin jinya ta watsa su lungu-lungu, mutuwar jarirai ta ragu ƙwarai. Kyuba, duk da takunkumin Amurka, tana da likitocin da har aro take bayarwa. Tsoron kada ma'aikata su bi 'yan kwaminis na cikin abin da ya sa masu jari a Turai suka yarda da fansho da hutu da asibitin gwamnati. Jihar Kerala ta Indiya kuwa ta zaɓi 'yan kwaminis da ƙuri'a a 1957, suka gyara rabon filaye, suka zuba kuɗi a makaranta da asibiti, yau tana cikin jihohin da ke gaba a karatu a Indiya. Amma a can ana kayar da su zaɓe su sauka, jarida na zaginsu, kasuwa na ci. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Maganar addini kuwa dattawa ba su yi ƙarya ba. Marx ya ɗauki addini abin sa maye da ke kwantar da talaka, kuma Tarayyar Sobiyet ta rufe mafi yawan masallatan yankin Bukhara da Samarkand, ta taƙaita zuwa hajji ga 'yan tsiraru. Musulmi ba zai karɓi aƙidar da ta soke gado da mallaka ba, alhali zakka kanta sai mai mallaka take hawa. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya sauƙaƙa wa kansa, domin addinin da ya halatta mallaka shi ya haramta riba da ɓoye abinci, shi ya ce a fitar da dami ɗaya cikin goma. Nawa ne cikin masu ihun kafirci suke fitarwa?

Dalili biyu nake gani suka kayar da tsarin, kuma ba mugun halin Stalin ko Mao kaɗai ba ne. Na farko sani. In riɗi ya yi tsada a Maigatari ko zoɓo ya yi daraja a Dawanau, damina mai zuwa za ka ga gonaki sun cika da su, ba wanda ya aiko takarda daga Dutse. Farashi ne ke kai labari. In ka soke shi, dole wani a ofis ya yanke yawan geron da za a shuka, da yawan takalmin da za a ɗinka, da inda za a kai, kuma bayanin da zai dogara da shi na mutanen da ke tsoronsa ne. Na biyu iko. Mai kuɗin garinmu azzalumi ne a wasu lokuta, amma in ya matsa maka kana iya zuwa wurin wani. In gona da sito da kasuwa da jarida da kotu da bindiga duk suka koma hannu ɗaya, wanda ya saɓa wa wannan hannun ba zai ci abinci ba. Gwamnatin da aka ce za ta shuɗe, ita ta fi kowace girma, kuma 'yan jam'iyya suka zama sababbin sarakuna masu shagunansu na daban. A 1991 Tarayyar Sobiyet ta ruguje ba tare da wani ya ci ta da yaƙi ba.

Ƙasar Kano, wadda har 1991 mu ma cikinta muke, tana da nata tarihin gwagwarmayar talakawa, kuma ina ganin ya fi mana amfani. An kafa jam'iyyar NEPU, wadda ake kiran magoya bayanta 'yan Sawaba, a Kano a watan Agustan 1950. Abokan hamayya sun yi ta jifan 'yan Sawaba da kwaminisanci da rashin kunya, an ɗaure su, an yi musu bulala. Amma jagoransu Malam Aminu Kano malamin tafsiri ne, hujjojinsa da yawa daga rubuce-rubucen masu jihadi ya ɗebo su, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Abin da NEPU ta nema shi ne a daina aikin tilas, a daina ƙwace, alƙali ya yi adalci, mace ta yi karatu ta yi zaɓe. Da jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci. Ba wanda aka karɓe wa gona. An sauke wa talaka kaya ne daga ka, ba a shiga rumbunsa ba.

Wanda ke ɗokin gwamnati ta riƙe komai ya tuna mun ɗanɗana. Daga ƙarshen shekarun 1940 har 1986, hukumomin sayen amfanin gona ne ke yanke farashin gyaɗa da auduga, suna biyan manomi ƙasa da abin da ake sayarwa a kasuwar duniya. An yi wasu ayyuka da rarar, ba a musu, amma dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta gumin kakanninmu ne da ba a biya cikakke ba. Taki mai rangwame da ake rabawa ta hannun jami'ai kuwa, kowa ya san a ina rabinsa ke kwana. Jami'in da bai riƙe amanar buhu hamsin ba, shi za a danƙa wa hatsin jiha?

Ina goyon bayan a karɓi haraji mai nauyi daga masu hali a gina makaranta da asibiti da rijiya da hanya. Ina goyon bayan manoma su haɗa ƙungiya da kansu, su yi sito ɗaya, su riƙe amfaninsu har farashi ya tashi, muddin littafin kuɗi a buɗe yake kuma mai son fita zai fita da kasonsa. Amma in matasanmu na neman inda za su zuba ƙarfinsu, ga dokar filaye ta 1978. Ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, tana ba shi ikon soke haƙƙin mutum a kan fili in an ce don amfanin jama'a ne, kuma diyyar da ta tanada ta shuka ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980. Har yau, duk sanda aka ce za a ba wani kamfani dubban kadada a Jigawa ko Kano, da wannan dokar ake tayar da mai gona. An cusa ta cikin tsarin mulki, don haka gyara ta sai majalisar tarayya ta amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su sa hannu. Ɗan majalisarmu na Dutse yana cikin masu wannan ƙuri'a, kuma duk kakar zaɓe yakan zo ƙofar gidan dagaci neman tamu.